Tsohon filin Rickwood: me ya hana a rushe shi?

Ɗan_Fagge:
Salamu alaikum 'yan zaure. Jiya da daddare barci ya ƙi zuwa, ina ta latse-latse a YouTube sai na faɗa kan wani wasan besbol da aka buga a Birmingham a 2024, tsakanin St. Louis Cardinals da San Francisco Giants. Ni dai wasan nan har gobe ban gane kansa ba, filin ne ya tsayar da ni. Tsoho ne tukuf, rumfar 'yan kallo kamar ta tsohuwar tashar jirgin ƙasa, allon ci ma da hannu ake sauya lambobinsa. An ce tun 1910 yake, sunansa Rickwood Field, kuma wai ba ma na manyan ƙungiyoyi ba ne, na ƙananan ne. To abin da ya ɗaure min kai shi ne, mutanen da ke rushe filin da bai kai shekara 30 ba su gina sabo, me ya hana su taɓa wannan? Sannan na ji an ce a nan Michael Jordan ya buga lokacin da ya ajiye ƙwallon kwando. Masana a taimaka.

Bakatsine77:
Wa alaikumus salam. Yaushe kuma aka fara besbol a Birmingham? Ni Aston Villa kawai na sani a can.

Na_Atlanta:
Bakatsine, ba ta Ingila ba ce. Takwararta ce ta jihar Alabama a kudancin Amurka. A 1871 aka kafa ta, aka raɗa mata sunan waccan saboda ita ma garin ƙarfe aka so ta zama: tama da kwal da farar ƙasa duk suna nan kusa da juna, ba sai an je nesa ɗauko ɗaya ba. Daga inda nake tafiyar awa biyu da 'yan mintoci ce a mota. Na je filin da ƙafata, bari in tashi daga aiki in ba ku labari.

Abu_Safwan:
Kafin ya dawo bari in gyara batun Jordan, don kuskure ne da ya yaɗu. Gaskiya ne ya buga wa Birmingham Barons a 1994, ƙungiyar da aka gina wa Rickwood. Sai dai lokacin da ya zo sun riga sun tashi daga filin tun bayan kakar 1987, sun koma Hoover, wani gari na masu hali da ke kudu da birnin. A can ya buga wasanninsa na gida. Kuma bai taɓuka abin kirki ba, cikin bugu goma da ƙyar yake samun biyu. Sau uku kacal ya kore ƙwallo ta tsallake katanga a duk kakar.

Maman_Ilham:
Don Allah a yi mana a hankali, ba kowa ne ya san wasan ba. Mene ne ƙananan ƙungiyoyin? Irin su Championship ɗin Ingila ne da ake hawa a sauka?

Abu_Safwan:
A'a Hajiya, tsarin ya sha bamban. Babu hawa babu sauka ga ƙungiya. Manyan ƙungiyoyi 30 ne, kowacce tana da ƙanana huɗu a ƙarƙashinta hawa-hawa, jimilla 120. Ɗan wasa ne ke hawa ko ya gangaro, ita ƙungiyar tana nan inda take ko da ta cinye gasa shekara goma a jere. Su da kansu gona suke kiran tsarin, wato wurin rainon 'yan wasa. Barons suna hawa na biyu daga sama, kuma tun 1986 gonar Chicago White Sox ce. Mai White Sox ɗin shi ne mai Chicago Bulls, ta nan Jordan ya samu ƙofa.

Bakatsine77:
Ashe har a can akwai alfarma.

Malam_Alli:
Ɗan_Fagge, tambayarka tana da kyau, amma kafin a zo kan me ya hana rushewa sai an san wanda ya gina. Wani ɗan masu kuɗi ne, Rick Woodward, gidansu ke da kamfanin narka ƙarfe na Woodward Iron. Son wasan ya kama shi tun yana yaro, da ya samu hali sai ya sayi Barons, ya ce ba zai ci gaba da zama a filin katako ba, don a lokacin filayen katako gobara ce ke cinye su. Ya duba sababbin filayen kankare da ƙarfe na Philadelphia da Pittsburgh, wato Shibe Park da Forbes Field, ya sa aka yi masa ƙaramin irinsu a kan kuɗi kamar dala 75,000. Sunan ma nasa ne aka gutsuro, Rick da Wood.

An buɗe ranar 18 ga Agusta 1910. Shaguna da dama a garin sun rufe don mutane su je, sama da mutum 10,000 suka cika wurin, Woodward da kansa ya yi jifan farko, Barons suka ci Montgomery 3 da 2. Ku lura, filayen nan biyu da ya kwaikwaya duk an rushe su tun shekarun 1970. Kwafin ya rayu, na asalin sun tafi.

Ɗan_Damagaram:
Malam, ni fa wannan "mafi tsufa a Amurka" da ake ta faɗa ina ɗan ja da shi. Akwai Warren Ballpark a garin Bisbee na Arizona, tun 1909 ake wasa a kansa. Idan aka tsallaka Kanada kuma akwai Labatt Park, tun 1877.

Malam_Alli:
Ka yi gaskiya, amma ya danganta da abin da ake ƙirgawa, ƙasa ko gini. A waɗancan biyun filin ne tsoho, rumfunan daga baya aka sake su. A Rickwood ainihin rumfar 1910 ce ke tsaye, an dai yi mata ƙari. Fenway Park na Boston 1912 ne, Wrigley Field na Chicago 1914, duk ƙannensa ne.

Ɗan_Damagaram:
To na sauko, amma rabi.

Na_Atlanta:
Na dawo. Ni ba don besbol na je ba, wani ɗan'uwa na kai jami'a a garin, muka gama da wuri na ce bari in ga wurin nan da ake ta magana. Abin da ya fara ba ni mamaki unguwar ce. Sai da na yi zaton taswirar waya ta ɓatar da ni. Gidajen katako ƙanana, wasu an toshe tagoginsu da allo, layin dogo a gefe, sai kawai ga koren gini da fitilu dogaye a kan rufinsa kamar ƙahonni. Babu katafaren wurin ajiye motoci, babu shagunan sayar da riguna jere. Wani dattijo baƙar fata na tarar a ƙofa, ya ce in shiga in zaga, ko sisi bai karɓa ba.

Ciki kuwa shiru, sai tsuntsaye. Na zauna a wata kujera da fentinta ya yi kauri saboda yawan shafe-shafe, ga ginshiƙin ƙarfe a gabana yana tare min rabin fili. Katangar bayan fili cike take da tallace-tallace da aka zana da hannu irin na da. A bayanta akwai wata tsohuwar katangar kankare, ita ce iyakar asali, an yi mata alama a inda ƙwallon wani Walt Dropo ta daka a 1948, nisan ƙafa 467. Dattijon ya nuna min can gefen dama, ƙarshen rumfa, ya ce a wajen nan ake ware baƙaƙe su zauna idan Barons na wasa. Ya faɗa ne kamar yana nuna min inda famfo yake. Ni ne jikina ya yi sanyi.

Maman_Ilham:
Subhanallahi. Wato har kallon ƙwallo sai an raba?

Abu_Safwan:
Ba kallo kaɗai ba Hajiya, har bugawa. Dokar birnin Birmingham ta hana baƙi da fari yin wasa tare, kuma an lissafa wasannin ɗaya bayan ɗaya: karta, da dara irin tasu, da besbol, da ƙwallon kwando. Shi ya sa filin ɗaya ne amma ƙungiyoyi biyu: Barons ta farare, da Black Barons ta baƙaƙe da ta fara a 1920. Idan fararen sun tafi wasan waje sai baƙaƙen su yi hayar filin. Kuma haya ce ta gaske, kuɗi suke biya, amma ɗakin sauya kaya ba a ba su. Sai su shirya tun daga masauki su zo da rigunansu a jiki.

Zangon_Kumasi:
Ni wannan ne abin da ya fi ci min rai. Mai gida yana karɓar kuɗinka, cikar da kake kawowa ranar Lahadi sau da yawa ta fi tasa, amma banɗakinsa ya fi ƙarfinka. Kuma yau an zo ana ta kiran wurin mai tsarki.

Malam_Alli:
Ranar Lahadin nan da ka ambata ita ce ran ƙungiyar. Mutane suna fitowa daga coci da kwat da huluna su wuce filin kai tsaye, har akan ce wasu limaman cocin suna gajarta wa'azi idan akwai wasa. Ranar kuma tsarin zama juyawa yake: baƙaƙe su cika babbar rumfa, fararen da suka zo kallo su ne ake keɓe wa gefe.

'Yan wasan nasu kuwa daga masana'antu suke fitowa. Kowane babban kamfanin ƙarfe ko na bututu yana da ƙungiyar ma'aikata, wanda ya iya wasa sai a ba shi aiki mai ɗan sauƙi don ya buga wa kamfani. Piper Davis, kocin Black Barons na 1948, daga ƙungiyar kamfanin bututu na ACIPCO ya fito. Mahaifin Willie Mays ma a irin waɗannan ƙungiyoyin ya yi suna.

Baba_Tudun_Wada:
Wannan ai irin namu ne na da. Mu da muka tashi a Kaduna mun san ƙungiyoyin masaƙu, mun san DIC Bees. A Kano akwai Raccah Rovers da suka ci lig a 1978. Mutum yana aikinsa da safe, da yamma ya ɗaura takalmi. Da masana'antun suka kwanta, ƙwallon ma ta bi su.

Ɗan_Fagge:
Baba Allah ya ƙara lafiya. Amma shi Willie Mays ɗin nan wane ne? A wasan da na kalla kowane minti sai an ambace shi, har lamba 24 aka zana.

Abu_Safwan:
Idan ka tara masana wasan ka ce su zaɓi gwanaye biyar na duk tarihi, da wuya a fitar da shi. An haife shi a 1931 a Westfield, wata unguwar ma'aikata kusa da Birmingham. Yana ɗan shekara 17, yana sakandare, Piper Davis ya ɗauke shi a Black Barons a 1948. Da farko wasannin gida kawai yake bugawa, don an kafa sharaɗin ba zai bar makaranta ba. A shekarar suka kai wasan ƙarshe na gasar baƙaƙe, Homestead Grays suka doke su wasa 4 da 1. Wannan shi ne karo na uku da Grays suka yi musu haka, bayan 1943 da 1944, kuma daga shi ba a sake buga irin wannan wasan ƙarshen ba. A 1950 Giants suka ɗauke shi, lokacin suna New York.

Wasan da ka kalla, na 20 ga Yuni 2024, don karrama shi da gasar baƙaƙen aka shirya. Ana saura 'yan kwanaki ya aiko cewa jiki ba zai bar shi ya zo ba. Ranar 18 ga wata ya rasu a California yana da shekara 93. A daidai lokacin Barons suna tsakiyar wasa da Montgomery a Rickwood ɗin, aka sanar ta lasifika, jama'a suka miƙe tsaye suna kiran sunansa.

Maman_Ilham:
Ikon Allah. Kwana biyu kacal ya rage.

Bakatsine77:
Tambaya ta jahili: me ya kashe gasar baƙaƙen? Hana su aka yi?

Malam_Alli:
Abin mamakin ke nan, buɗe ƙofa ce ta kashe ta. Da Jackie Robinson, baƙar fata, ya shiga babbar ƙungiyar Brooklyn Dodgers a 1947, manyan ƙungiyoyi suka fara tsince gwanayen baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya, sau da yawa a kan kuɗi kaɗan, wani lokaci ma ba a biyan ƙungiyar da ta raine su komai. 'Yan kallo baƙaƙe suka koma bin labarin Robinson da Mays a rediyo da jarida. Black Barons suka yi ta jan ƙafa har farkon shekarun 1960 sannan suka watse. Masu ƙungiyoyi, masu otal, direbobi, masu sayar da abinci a bakin fili, duk cinikinsu ya tafi tare da ita. Ba cewa nake wariya ta fi ba, kar a juya min magana. Cewa nake 'yan wasa aka shigar, ba a shigar da masu dukiyar ba.

Hafsatu_Jos:
Ina bin zaren nan tun ɗazu ban ce komai ba. Kun bar wani suna da ya kamata a ambata: Bull Connor. Wanda ya saki karnuka da ruwan kashe gobara a kan yara masu zanga-zanga a Birmingham a 1963. Kun san ta ina ya yi suna? Mai sharhin wasannin Barons ne a rediyo. Da ma aikin waya-tangarahu ya iya, sai a riƙa aiko masa da sakamako a taƙaice shi kuma yana ƙawata shi da baki kamar yana gani. Muryar nan ce ta kai shi majalisar jiha a 1934, daga nan ya zama kwamishinan da 'yan sanda ke ƙarƙashinsa. Don haka fili ɗaya ne ya fito da Mays ya kuma fito da Connor. Duk wanda zai ba da labarin wurin ya ba da duka biyun.

Zangon_Kumasi:
Madalla 'yar'uwa. Abin da nake nufi ke nan.

Ɗan_Fagge:
Na ƙaru sosai wallahi, amma har yanzu ba a amsa min ba. Me ya hana a rushe shi?

Na_Atlanta:
Ni ra'ayina, kuma ra'ayi ne: ba ƙauna ce ta cece shi ba, rashin mai so ne. A ƙasar nan ana rushe fili ne idan ƙasar da yake kai ta yi daraja, ko ana son wurin don sabon gini. Nan Atlanta an tashi Georgia Dome da nakiya a 2017 yana da shekara 25 kacal, don sabo ya riga ya tsaya a gefensa. Rickwood kuwa yana yammacin Birmingham, ɓangaren da farare da masu kuɗi suka gudu suka bari bayan masana'antu sun ja baya. Garin da ke da mutum kusan 340,000 a 1960 yanzu bai fi 200,000 ba. Wa zai kashe kuɗin rusau a kan filin da ba mai sayen ƙasarsa? Sai aka bar shi makarantun birni suna wasa a ciki. Faɗuwa ce ta zo daidai da zama.

Malam_Alli:
Na_Atlanta, rabin gaskiya ka faɗa. Rashin mai so yana hana katafila zuwa, amma ba ya hana rufi zubowa. Filaye nawa ne aka bari haka ruwa da ciyawa suka gama da su? Bayan Barons sun tashi wurin ya fara lalacewa sosai. Wasu mutanen gari ne suka haɗu a 1992 suka kafa ƙungiyar Friends of Rickwood, suka shiga tara kuɗi suna gyara kaɗan-kaɗan: rufi, allon ci, ɗakin 'yan jarida. A 1993 aka sa shi a rajistar wuraren tarihi ta ƙasa. Masu shirya fina-finai suka fara hayarsa saboda ba sai sun gina tsohon fili na ƙarya ba. Daga 1996 kuma Barons suka fara dawowa wasa ɗaya a shekara sanye da rigunan da. Ba don waɗannan ba da babu abin da manyan ƙungiyoyi za su tarar a 2024.

Na_Atlanta:
Ban musa ba Malam. Amma da a ce filin yana tsakiyar gari ne, da kafin abokan nasa su yi taron farko an riga an mai da shi wurin ajiye motoci.

Abu_Safwan:
Ku duka kun manta hukumar birni ce ta saye shi tun 1966. Da yana hannun ɗan kasuwa da labari ya sha bamban. Woodward kansa bai iya riƙe shi ba, karayar tattalin arziki ta shekarun 1930 ta sa ya sayar a 1938, shekara biyu bayan an kafa fitilun nan da Na_Atlanta ya gani.

Kuma filin ya sha zama babu ƙungiya tun kafin 1987. Gasar da Barons ke ciki, Southern Association, ta gwammace ta mutu da ta karɓi baƙaƙe. A duk tarihinta mutum ɗaya ne baƙi ya buga, Nat Peeples, wasa biyu a 1954. Ta rushe bayan kakar 1961, Birmingham ta yi shekara biyu babu ƙwararrun besbol. Sai 1964 aka dawo da ƙungiya mai haɗe da baƙi da fari, 'yan watanni bayan bam ɗin da ya kashe 'yan mata huɗu a cocin titi na 16. Daga 1976 zuwa 1980 ma haka ya zauna babu ƙungiya.

Hafsatu_Jos:
Dawowar nan ta haɗe ma kar a ɗauka komai ya gyaru. Ɗan_Fagge, idan bidiyon da ka kalla yana da hirar kafin wasa, nemi inda aka tambayi Reggie Jackson, tsohon gwanin ɗan wasa baƙar fata. Shi ya buga a Rickwood a 1967, lokacin ƙungiyar garin tana ƙarƙashin babbar ƙungiyar Athletics. Mai tambayar yana jiran ya ji daɗin tuna baya, sai dattijon ya ce dawowa wurin ba abu ne mai sauƙi a gare shi ba. Ya ba da labarin gidajen abinci da otal da ake nuna shi da yatsa a ce wannan ba zai ci a nan ba, ba zai kwana a nan ba. Kocinsu John McNamara shi ke cewa in ba a ba shi ba to duk ƙungiyar ta fasa. Abokin wasansa Joe Rudi da matarsa suka riƙa ba shi kujerar falonsu yana kwana, har sai da aka yi barazanar ƙone gidan. Ya ce ba ya yi wa kowa fatan abin da ya gani. Duk wannan kai tsaye a talabijin, ana tsakiyar biki.

Ɗan_Fagge:
Na gani! Ban san ko wane ne ba na wuce da sauri. Bari in koma.

Zangon_Kumasi:
To ni a nan nake tsaye: wa ya ci ribar bikin? Kujeru wajen 8,300 ne kawai a ranar. An zo da kyamarori, an yi kuka, an tafi. Mutanen unguwar da Na_Atlanta ya kwatanta da tagogi a toshe fa?

Abu_Safwan:
Tambayarka tana kan hanya, amma a yi adalci. Gyaran da aka yi wa filin yana nan bai tafi da su ba, kuma Miles College, kwalejin baƙaƙe ce, a nan take wasanninta, haka yaran sakandare. Sannan a watan Mayun 2024 aka haɗe alƙaluman gasar baƙaƙe da na manyan ƙungiyoyi a kundi ɗaya. Nan take Josh Gibson, gwanin gasar baƙaƙe, ya hau kan farar fata Ty Cobb a matsayin wanda ya fi kowa matsakaicin samun bugu a tarihi. Mays ma an ƙara masa bugu 10 na 1948. Alƙalan wasan ranar 20 ga Yunin duk baƙaƙe ne, karo na farko. Wanda ya yi jifan buɗe wasa kuwa Bill Greason ne, abokin wasan Mays a 1948, limamin coci a garin, yana da shekara 99.

Zangon_Kumasi:
An ƙara wa Gibson lamba shekara 77 bayan an binne shi. Allah ya amfana.

Baba_Tudun_Wada:
Yara, ni abin da nake ta tunani daban ne. Su ana gardama ne a kan wa ya adana, mu kuwa fa? Filin Surulere da aka ci kofin Afirka a 1980, Najeriya 3 Aljeriya 0, a rediyo na saurara, gari ya kwana bai yi barci ba. Da aka gina na Abuja sai aka juya masa baya shekara da shekaru. A garinmu na haihuwa akwai filin da na fara kallon ƙwallo, na je bara na tarar rabinsa shaguna, rabi ana shanyar hatsi. Ko hoto ɗaya na yadda yake a da ban samu wurin kowa ba.

Bakatsine77:
Baba ai mu namu rashin mai so ba ya ceto, shi ke jawo mai shago.

Maman_Ilham:
Ni dai har yanzu ina kan maganar Hafsatu. Da ni 'yar garin ce, kuma an taɓa tura kakana can ƙarshen rumfa, ban san ko zan so a adana wurin ba. Wataƙila in ce a rushe kowa ya huta.

Na_Atlanta:
Hajiya, kusan haka na tambayi dattijon nan, cikin dabara. Bai ba ni amsa kai tsaye ba. Ya ce mahaifinsa ne ya fara kawo shi yana ƙarami, ranar Lahadi, kuma a babbar rumfa suka zauna don ranar tasu ce. Ya nuna min layin kujerun. Daga nan ya koma kan tsintsiyarsa.

Ɗan_Damagaram:
Malam_Alli, na koma na duba batun Bisbee. Rumfarsu ta kankare a shekarun 1930 aka yi ta. Na sauko gaba ɗaya. Amma Satchel Paige fa, ba wanda ya ambace shi, alhali ya yi wa Black Barons jifa daga 1927 zuwa 1930.

Malam_Alli:
In aka buɗe babin waɗanda suka taka filin ai sai mu kwana. Babe Ruth, Ty Cobb, Jackie Robinson, Hank Aaron, duk sun bi ta nan, don manyan ƙungiyoyi kan yada zango a Birmingham idan suna komawa arewa ta jirgin ƙasa daga atisayen bazara. Akwai ma wasan 1931 da wani tsoho ɗan shekara 43, Ray Caldwell, ya kayar da matashi mai cika baki Dizzy Dean da ci 1 da nema. Tsofaffin garin sun daɗe suna ba da labarinsa.

Ɗan_Fagge:
Na koma na kalli hirar Jackson har sau biyu. Abokan zamansa a teburin ko motsi ba su yi ba. Yanzu ban ma san ko tambayata ta farko ita ce daidai ba. Na_Atlanta, ka ɗauki hoton katangar nan mai alama?

Na_Atlanta:
Na ɗauka, amma yana tsohuwar wayata da ta faɗa ruwa. Ɗan'uwan nawa zai gama zango a watan gobe, in na je ɗauko shi zan biya.

Bakatsine77:
Kafin nan wani ya yi min bayanin yadda ake cin wasan. Cardinals 6, Giants 5, shida na mene ne?